Gungumen Maɗaci a Bayan Ɗakin Inna

Maɗacin ba namu ba ne, wannan ban taɓa musu ba. Na maƙwabtanmu ne. A bakin kwarin da ya raba gidanmu da nasu a Ƙofar Gayan yake, ta ɓangarensu. Tun muna yara muke ganin mata suna aiko a saro musu ɓawonsa don ciwon ciki, tsohon gidan kuma ba ya hana kowa. Kwarin nan da rani ba komai ba ne, hanyar awaki ce da tarin leda. Amma da damina duk ruwan unguwannin da ke sama da mu nan yake haɗuwa, ya bi ta bayan ɗakin Inna, ya shige kwalbatin bakin titi, ya fita bayan ganuwa.

Ɗakin Inna soro ne na ƙasa, ginin kakanmu, mai kaurin bango da sanyi ko a tsakiyar bazara. A nan aka kawo ta amarya, a nan ta haife mu, a nan Baba ya cika. Da aka raba gidan bayan rasuwarsa, ɗakin da ɗan tsakar gidan da ke gabansa da rumfar girki su ne suka zo hannunmu. Sauran sassan 'yan'uwan Baba sun sayar, an ja katangar bulo, baƙi sun tare. Cikin 'ya'yan da Inna ta haifa, mu biyu muka rayu. Ƙanena yana can Fatakwal, shi da matarsa da 'ya'yansa a ɗaki ɗaya na haya. Ni kuma ina aure a Tudun Jukun, ina koyarwa a makarantar firamare.

Ni ce 'yar farinta. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "ke" ce ko "yarinyar nan", ko da na kai ga aurar da 'ya. Maigidana kuwa idan ya zo gaishe ta daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita tana ciki ta ja mayafi, su gaisa ba wanda ya ga idon wani. Ko biki ake a gidana ba ta kwana. Ta sha faɗa mini cewa gara ta kwana a gindin bishiya da ta zauna a gidan suruki. To idan ɗakin nan ya faɗi, babu inda za ta sai gidan surukin.

Tsohon maƙwabcinmu ya rasu, shekara ta zagayo ba a raba gadonsa ba. 'Ya'yansa maza biyu ne a gidan: babban, Alhaji, mai shagon yadi a kasuwa, da ƙaninsa, ma'aikacin ƙaramar hukuma. Akwai kuma marayu, 'ya'yan ɗan'uwansu da ya riga uban rasuwa da 'yan watanni, ana ta gardamar ko suna da rabo ko kyauta za a yi musu. Alhaji da ƙanin ba sa ga maciji. Ƙofa ɗaya suke shiga, amma kowa da masallacin da yake salla.

A hadarin farkon daminar ne iska ta tumɓuke maɗacin. Allah ya taimaka bai faɗo kan gida ba, ya kwanta a cikin kwarin, a tsaye da shi, wato ya bi tsawonsa, gindi ta inda ruwa ke tahowa, kai ta inda yake tafiya, ya manne da gaɓar maƙwabta. Kafin magadan su gama salati matan unguwa sun kwashe ƙananan rassan sun kai murhu. Abin da ya rage gungume ne, ƙato, wanda mutum biyu ba za su rungume ba, da guntayen manyan rassa a jikinsa kamar yatsu. Masu katako suka fara zarya suna tambaya. Nan fa kowa ya gane itacen dukiya ne.

Ruwan farko da ya biyo baya bai yi wata ɓarna ba. Na gani da idona, don ranar ina gidan. Ruwan ya zo ya daki gindin gungumen, ya rabu, ya bi ta gefensa sumul ya wuce. Sai dai ya ɗan ja shi gaba kaɗan. Wannan ɗan jan shi ne ya jawo mana bala'i. Alhaji ya ce idan aka bari ruwa zai tafi da shi unguwar ƙasa, can kuma gatari zai same shi kafin gari ya waye. Ya sa aka kafa turken ƙarfe a gaɓarsu, aka ɗaure gindin da sarƙa, ya ɗana kwaɗo ya sa makulli a aljihu.

Ƙanin ya dawo daga aiki ya ga kwaɗo. Shi a wurinsa sarƙar nan shaida ce Alhaji yake kafawa, gobe a gaban masu rabo ya ce ai ni nake tsare da shi. Don haka shi ma ya nemo leburori, suka kama kan gungumen suka ja shi zuwa tsallake, nesa da turken wansa, suka ɗaure da igiyar roba mai kauri irin ta ɗaure kayan tirela. Turken igiyar kuma a ina? A gindin bangon Inna. Ba sallama, ba neman izini, sai ƙarar guduma ta ji a bayan gadonta. Gungumen da yake kwance a tsaye ya koma a gicciye, ya tare kwarin kusan duka, ya bar 'yar kafa tsakanin kansa da bangonmu wadda ko jaki da kaya ba zai bi ba.

Ranar da na zo na gani, nan take na gane abin da zai biyo baya. Ba sai ka yi karatun komai ba. Duk macen da ta taɓa wanke tire a ruwa mai gudu ta san idan ta sa shi ta baki ruwa wucewa yake, idan ta shimfiɗa masa faɗinsa kuwa sai ya nemi fizge shi daga hannunta. Abin da waɗannan manyan mutane biyu suka yi ke nan da itacen da ya fi saniya nauyi, kowa yana alfahari ya ɗaure nasa ɓangaren.

Ba a jima ba aka yi ruwa mai ƙarfi da hantsin wata Asabar. Na taka turmi na leƙa ta saman katangar tsakar gida. Ruwan ya taho ja wur, ya daki gungumen a ƙirji, ya tsaya yana taruwa. Ta gaban itacen ruwa ya kumbura ya fi na bayansa tsawo da abin da ya kai kamu biyu. Gungumen ya nutse, sai guntayen rassan ke leƙowa, amma kana ganin inda yake, don ruwan yana yin doro a kansa ya faɗa baya yana kumfa. Sarƙar Alhaji ta miƙe ƙyam. Igiyar ƙanin tana rawa tana wani gurnani da nake ji har a tafin ƙafata. Duk sanda ruwa ya ƙara gudu kaɗan, jan da yake yi wa itacen ba kaɗan yake ƙaruwa ba, sai ka ga turken gindin bangonmu ya sunkuya ya ɗago, ya sunkuya ya ɗago, yana sassauta ƙasar da ke riƙe da ɗakin.

Sannan ga shara. Kowace leda, kowane tsumma, karan dawa, tsohuwar tabarma, katifar da wani ya yar, duk sai rassan nan su cafke. Kafin a ɗauke ruwan, gungumen ya zama katanga. Yawan abin da ya tara, yawan faɗin da ruwa ke samu ya tura. Ruwan kuma dole ya wuce. Wani ruwan ya haƙa ta ƙarƙashi, mafi yawa ya karkato ya matsu ta 'yar kafar nan, da gudun da ban taɓa ganin kwarin ya yi ba, yana gogar gindin bangon Inna. Da ruwa ya janye na zagaya. Yaɓen ƙasan bangon ya tafi, tubala sun fito tsirara, hannuna yana shiga rami har gwiwar hannu.

Ko takalmi ban wanke ba na yi sallama gidan maƙwabta. Alhaji na tarar a zaure.

Na ce, "Yaya Alhaji, ka zo ka ga abin da itacenku yake yi wa ɗakin Inna."

Ya ce, "Ƙanwata, ai na gani. Wallahi abin yana damuna. Inna ai uwata ce."

"To a kwance shi mana. Ban ce a sayar ba, ban ce a sare ba. A juya shi kawai ya kwanta yadda Allah ya kwantar da shi, ruwa ya samu hanya."

"Ai ba ni na gicciya shi ba. Ni gindi na ɗaure, a gaɓarmu. Je ki gaya wa wanda ya ja kan."

Na je na gaya wa wanda ya ja kan. Shi ya fi wansa iya magana, har da Turanci yake haɗawa. Ya ce ya fahimci matsalar sarai, ya ma fi ni fahimta, ofishinsu ne ke kula da magudanan ruwa. Amma muddin kwaɗon Alhaji yana jikin itacen, igiyarsa ba ta motsi. Wanda ya fara kwancewa ya sallama ke nan. Ya ƙara da cewa shi ba don kansa yake yi ba, don marayu yake yi, kuma na san hukuncin mai wasa da dukiyar maraya.

Marayun nan fa, a lokacin, uwarsu wankau take yi tana ciyar da su, ba wanda ya taɓa aika musu da mudun masara daga cikin baffannin biyu. Sai a kan gungume aka tuna da su. Na faɗa masa haka a fuskarsa. Ya ce ba zai biye mini ba don ni mace ce kuma raina a ɓace yake. Raina kam a ɓace yake, wannan ya yi gaskiya.

Maigidana mutum ne mai sanyi, ya ce in bar masa. Ya same su ɗaya bayan ɗaya, ya ce shi zai kawo leburori, a gaban shaidu, a kwance sarƙa da igiya lokaci guda, a ja itacen a fitar da shi kan tudu a ajiye musu. Alhaji ya ce tudun wa? Idan ta gefen ɗakunan ƙaninsa ne bai yarda ba. Ƙanin ya ce idan ta gefen Alhaji ne shi ma bai yarda ba. Muka je wurin mai unguwa. Ya saurare mu da kyau, ya girgiza kai, ya ce maganar gado ta fi ƙarfinsa, sai malamai. Limamin unguwa, Allah ya saka masa, bai ɓoye gaskiya ba. Ya kira su ya ce matsar da itace ba cin gado ba ne, cutar da maƙwabci kuwa haramun ce ƙarara. Suka ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam." Suka tashi suka karkaɗe riguna, kowa ya koma yana jiran ɗaya ya fara.

Muna wannan zarya damina tana nutsawa. Muka cika buhuna da ƙasa muka jera a gindin bango. Ruwa ɗaya ya kwashe su kamar ba a sa ba, wasu ma ya kai su ya liƙa a jikin gungumen suka ƙara masa faɗi. Muka sa aka kwashe sharar da ta taru a rassan, ƙanin ya aiko a gaya mana a yi hankali kada a karce itacen. Bayan kwana biyu shara ta dawo. Tsaga ta fito a cikin ɗakin, daga bayan gado ta hau har kusa da azara. Inna ta rataya darduma a kanta don kada in gani.

Wata rana da la'asar na ɗauki wuƙar yanka nama na nufi bayan gida. Igiya ce, minti nawa za ta ɗauke ni? Idan na yanke ta, ruwan da kansa zai tura kan gungumen ya mayar da shi gaɓarsu, sarƙar Alhaji ta riƙe gindin, shi ke nan. Ina ƙofa Inna ta yi magana daga kan tabarma.

"Ke. Ina za ki da wuƙa?"

"Igiyar nan zan yanke, Inna."

"Ajiye."

"Inna, ɗakin zai faɗi."

"Na ce ki ajiye. Ni da uwar su Alhaji muka yi zaman shekara da shekaru ko ƙwayar gero ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Ni na taya ta wankan jego da ta haifi Alhajin nan. Ba za a ce 'yata ta sa wuƙa a kayan gadon mutane ba. Idan itacen ya tafi, a ce mu muka ci. Ki bari, suna sane. Ba za su bari ya kai ga haka ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau. Ita tana kiyaye musu haƙƙin maƙwabtaka, tana tsoron a ce ta taɓa abin da ba nata ba, su kuwa sun kafa ƙarfe a gindin ɗakinta ba su ko ce mata sannu ba. Kuma ta yarda da su. Da gaske ta ɗauka yaran da ta goya ba za su zuba ido ba. Na ajiye wuƙar don ban taɓa tsallake maganarta ba, na shiga rumfar girki na yi kukan haushi.

Da marka ta kama, aka kwana uku ana yayyafi ba ƙaƙƙautawa, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Na bar makaranta na tare wurin Inna da rana, na fitar da abin da ta bari na fitar: akwatinta, kwanukan jerenta, buhun hatsi. Gadon ta ce a bar shi. A rana ta huɗu bayan azahar sama ta yi baƙi, aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ƙyar na lallashe ta ta fito rumfa, na ce ta zo ta duba mini miyar kuka ko kanwa ta yi yawa. Muna zaune muna jin gurnanin igiyar ta cikin ƙasa. Can sai gurnanin ya tsaya. Turken ne ya tumɓuke, ya fita da ƙasar gindin bangon. Ba wata ƙara mai yawa aka yi ba. Bangon baya ya zauna ne kawai, kamar tsoho ya gaji da tsayuwa, rufin ya bi shi, sai ga hasken waje da kwarin da gidan maƙwabta muna gani ta inda gadon Inna yake.

Inna ta yi salati. Ludayin miya yana hannunta, ba ta ajiye ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To."

Gungumen kuwa, da turken ya fita, ruwa ya tura kansa ya mayar da shi gaɓarsu, ya kwanta a tsaye yadda yake tun farko. Ruwan ya bi gefensa ya wuce lafiya lau. Ko minti biyu abin bai ɗauka ba.

Washegari unguwa ta cika gidan da jaje. Su ma sun zo, kowa da lokacinsa. Alhaji ya durƙusa gaban Inna har da ƙwalla, ya ce ƙaddara ce, Allah ya mayar da alheri, ya ajiye turmin atamfa. Ƙanin ya zo da yamma, ya ce zai rubuta rahoto a ofis ko za a samu tallafin ambaliya. Ambaliya. Duk unguwar ba gidan da ya rushe sai namu. Da zai fita ya ja maigidana gefe, a zatonsa ba na ji, ya ce idan za a kwashe ƙasar ɗakin a lura da igiyarsa da turkensa suna ƙarƙashi, kada leburori su yi gaba da su. Abin da na faɗa masa a ranar ba zan rubuta ba. Mata biyu ne suka riƙe ni.

Mun kira magina. Suka duba suka ce ruwa ya cinye wurin da za a sa harsashi, kwarin ya shigo har tsakiyar inda ɗakin yake, sai an yi ginin dutse da siminti an cike kafin a yi maganar ɗaki, abin da ni da ƙanena ko mun haɗa kanmu ba za mu iya ba a shekarun nan. Inna ta kwana biyu a rumfar girki, ruwa yana feso mata, tana cewa ai nan ma ya isa. A rana ta uku tari ya kama ta. Na kira mai a-daidaita-sahu, na ɗora akwatin, na tsaya a kanta har ta tashi. Tun daga Ƙofar Gayan har Tudun Jukun mayafinta yana kan fuskarta.

Gadon an raba shi bayan damina biyu, a kotu. Na ji an ce gungumen ya faɗa rabon marayun, kuma da masu katako suka sa zarto sun tarar rabinsa ya ruɓe. Ban je na gani ba. Alhaji har yanzu yana aiko wa Inna da goron salla, tana karɓa tana sa masa albarka, ni kuma ina tashi in bar wurin.

Gidana ƙarami ne, ciki da falo da ɗakin yara, bayi ɗaya a ƙarshen tsakar gida. Mun ba Inna ɗakin yaran. Maigidana ya yi duk abin da ɗa zai yi. Amma matar da muryarta ke kaiwa zaure idan tana faɗa da mai gawayi, yanzu raɗa take yi. Idan ta ji sallamarsa sai ta ture kwanon abinci ta ja ƙofa. Ba ta tsallaka tsakar gida muddin yana nan. Na daɗe ban gane dalilin da ya sa kofin ruwan da nake kai mata da safe ranakun hutu yake dawowa a cike ba, sai da likita ya tambaye ni me ya sa tsohuwar ba ta shan ruwa. Ashe gudun zuwa bayi take yi yana gida. Na gaya wa maigidana. Yanzu ranar Asabar da Lahadi yana gama karin kumallo yake ɗaukar hularsa ya tafi shagon wani abokinsa ya zauna, ba abin da yake yi a can. Inna tana jin ƙarar ƙofar waje, sai ta jira kaɗan ko ya yi mantuwa, sannan ta miƙa hannu ta ɗauki kofin.